Akwatin Sifana Na Farko: Kuskuren Da Muka Yi Da Kuɗin Jama'a

Yaranmu da ke koyon kanikanci a garejojin Agege da Mushin da Mile 12 sai ƙaruwa suke yi, kuma kusan duk wata sai an tambaye mu irin kayan aikin da ya kamata a fara saya wa yaro idan an yaye shi. Shi ya sa muka ga gara mu ba da labarin abin da ya same mu. Mu huɗu ne aka ɗora wa wannan sayayya har sau biyu, kuma a karon farko mun tafka kuskure da kuɗin da jama'a suka tara.

Yaron farko maraya ne, ɗan ƙanin ɗaya daga cikinmu. Ya yi shekara biyar a hannun wani oga Bayarabe a Agege, har ya kai ga abin da a nan Legas ake kira firidom. Aka yi karo-karo aka damƙa mana kuɗin. A cikinmu babu bakanike ko ɗaya: da mai sayar da albasa, da tela, da ɗan canji, da direba. Muka shiga wani shago, mai shagon ya buɗe mana wani jan akwati mai kaya sama da 100, kowanne a gurbinsa yana walƙiya kamar madubi. Farashin bai ma cinye kuɗin hannunmu ba. Muka saya, muka ɗauki hoto da yaron yana rungume da akwatin, muka koma gida muna ganin mun yi abin kai.

Ba a yi sati uku ba wani ma'aikaci ya kawo masa Camry gyaran birki, ya kuma yi masa alkawarin idan aiki ya yi kyau zai turo abokan aikinsa. Yaron ya sa sifana mai lamba 17 a kan wani noti da ya kafe, ya danna da ƙarfinsa. Bakin sifanar ya buɗe, ta zame, ta cinye kusurwoyin notin ya koma kamar kan ƙusa, hannunsa kuma ya daki ƙarfe ya tsage. Sai da aka kira mai walda ya ɗora wani noti a kai kafin ya fita. Motar da aka ce a dawo a ɗauka da la'asar ta kwana biyu a gareji. Mai motar ya biya kuɗinsa bai ce komai ba, amma daga ranar ba a sake ganinsa ba, balle abokan aikin nasa.

Kunya ta hana yaron gaya mana. Direban cikinmu ne ya biya ta wajen wata rana ya tarar da shi ya koma aron sifana a wurin tsohon ogansa, jan akwatin kuwa yana gefe a rufe. Muka je gaba ɗaya muka sami ogan. Bai yi mana faɗa ba. Ya juye akwatin a kan buhu, ya ware kaya kamar goma sha biyu gefe guda, ya ture sauran. Sannan ya dubi babbanmu ya ce, "Alhaji, da za ku saya, kun tambayi wace irin mota yaron nan zai riƙa gyarawa?" Muka yi shiru, don tambayar ba ta taɓa zuwa mana a rai ba.

A nan ya nuna mana yadda aka cika lissafin 100 ɗin nan. Fiye da rabi ƙananan kawunan sukudireba ne da 'yan tarkacen da bakaniken mota zai shekara bai taɓa ba. Wani kaso kuma na awon inci ne, irin na tsofaffin motocin Amurka, alhali motocin da suka cika titunanmu da milimita ake auna notinsu. Rabin inci milimita 12.7 ne, ya fi 12 bai kai 13 ba, shi ya sa idan aka cakuɗa awon biyu ake lalata noti. Ya ce motocin Japan, wato Toyota da Honda da Nissan, akasarin aikinsu yana kan lamba 8, 10, 12, 14, 17 da 19. Na Turai, irin Peugeot da Volkswagen ɗin da ake danfo da su, su ne ke yawan buƙatar 13, kuma a cikinsu ake cin karo da kusoshi masu kan tauraro. Ko notin taya ma ba ɗaya ba ne: yawancin Toyota 21 ne, Honda 19, Volkswagen da yawa 17. Ashe mun sayi yawa ne, ba mu sayi abin aiki ba. Arha dai ba ta ado.

Karo na biyu ya zo bayan cire tallafin mai da faɗuwar naira a 2023, lokacin da duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabo. Kuɗin da aka tara ya fi na farko a baki, amma abin da zai iya saya bai kai ba. Wannan karon ba mu yi gaggawa ba. Muka ba yaro na biyu ɗan littafi, muka ce wata guda cur duk abin da ya ɗauka ya yi aiki da shi ya rubuta, in ya sake ɗauka ya ja layi a gabansa. Da wata ya cika, littafin ya gaya mana gaskiya: kayan da ke da layuka da yawa ba su kai 30 ba, kuma lamba 10 ce ta fi kowa, tunda daga kan batir har murfin sassa da dama ita ce.

Da wannan littafi muka tafi kasuwar Ladipo da ke Mushin, tare da ogan, wanda ya cika aljihunsa da sababbin notuna. Duk sifanar da muka ɗauka sai ya ɗora ta a kan noti ya girgiza. In ta zauna daram a ajiye ta gefe, in tana wasa a mayar wa mai ita. Yana duba bakinta ko ya taɓa buɗewa, ko akwai tsaga, ko alamar an taɓa yi mata walda. Racet kuwa sai ya juya shi hagu da dama kusa da kunnensa, ya ji ko haƙoran ciki suna tsallake. Muka nuna masa rubutun Cr-V da ke jikin wasu, alamar ƙarfen da aka gauraya da kuromiyam da banadiyam. Ya yi dariya ya ce rubutu kowa zai iya bugawa, jan akwatinmu ma yana da shi. Rabin abin da muka saya tokunbo ne, tsofaffin sifanun Jamus irin Gedore da Elora waɗanda ƙyallinsu ya tafi amma bakinsu bai motsa ba. Sauran sababbi ne masu matsakaicin kuɗi.

Ga abin da muka dawo da shi. Sifana mai baki biyu, gefe buɗaɗɗe gefe zobe, lamba 8, 10, 12, 13, 14, 17 da 19, muka ƙara 10 guda ɗaya don ita ce ta fi ɓata. Soket masu shiga hannun rabin inci daga 10 zuwa 24, da racet ɗaya, da dogon hannun ɓalle noti, da abin ƙara tsawo gajere da dogo, da soket ɗin filogi mai lamba 16. Sukudireba huɗu, biyu masu faɗin baki biyu masu giciye. Filaya uku: ta gama-gari, da mai dogon baki, da mai cizo ta kulle. Sai guduma, da fitilar gwajin wuta, da jak, da ƙafafun ƙarfe biyu na tokare mota.

Soket ɗin duka masu kusurwa 6 muka zaɓa, ba masu 12 ba, domin mai 6 jikin noti yake kamawa, ba ya saurin cinye kusurwa. Ogan ya maimaita wa yaron a gabanmu abin da ya kada ɗan uwansa: buɗaɗɗen baki gefe biyu kawai yake riƙewa, don haka notin da ya kafe da zobe ko soket ake fara ɓalle shi, kuma ba a zura wa racet bututu don ƙara ƙarfi, aikin dogon hannu ke nan.

A kan ƙafafun ƙarfen nan ne muka ɗan yi musu a tsakaninmu. Ɗan canjin cikinmu ya ce a bar su, tunda kowane gareji akwai bulo da kututture. Ogan ya ce jak ɗaga mota yake yi, ba a amince masa a shiga ƙarƙashi, bulon siminti kuma ba ya sallama kafin ya farfashe. Muka tuna yaron nan shi ne babba a gidansu, muka biya ba tare da ƙara magana ba.

Akwai abin da muka bari da gangan. Sifanar auna ƙarfin ɗauri, wadda ake buƙata idan an buɗe kan inji, da na'urar da ake jona wa mota ta faɗi inda matsala take, duka muka ce ya riƙa ara tukuna. Zanen aro ba ya rufe katara, gaskiya ne, amma abin da za ka nema sau ɗaya a wata ba shi za ka fara zuba wa jari ba. Muka yi da shi cewa duk abin da ya ara sau uku, shi ne na gaba a saye. Muka kuma riƙe kusan kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin, kuma kafin wata biyu ya zo ya karɓa ya sayi abin kwance matatar baƙin mai da wasu soket dogaye. Kowane ƙarfe nasa ya shafa masa koren fenti a wutsiya, don a garejin haɗaka kaya ba sa jimawa ba su canja mai su ba.

Yaron farko ma ba mu bar shi haka ba. Mu huɗun muka haɗa daga aljihunmu muka sake masa sifanu da soket, tunda laifin namu ne. Jan akwatin yana nan a garejinsa, tsofaffin notuna yake tarawa a ciki.

Don haka 'yan uwa, duk reshen da zai yi wa yaro karo-karo, kafin a fita kasuwa a tambayi motar da zai riƙa gyarawa, a sa shi ya rubuta abin da hannunsa ke ɗauka kullum, a tafi da ogansa, a kuma rage wani abu a ajiye. Masu sana'ar da ke cikinmu, in akwai abin da muka manta ku ƙara mana, domin akwai yara biyu da za a yaye bayan Sallah. Allah ya yi wa sana'arsu albarka, ya tsare su daga haɗarin aiki.