Igiya da Sheƙa a Kwazazzabon Mascún

A arewacin Sipaniya, a gindin tsaunukan Firene, akwai yankin Guara wanda hukumar Aragon ta mayar gandun kariya a shekarar 1990. Musulunci ya taɓa zama a nan: garin Alquézar daga kalmar Larabci al-ƙasr ya samo sunansa, kuma Khalaf ɗan Rashid ne ya gina ganuwarsa a ƙarni na 9. Shi ma kwazazzabon da muka nufa, ana cewa sunansa daga maskun yake, wato wurin da aljanu ke zaune. Mu dai ba mu gamu da kowa ba sai tsuntsaye.

Daga ƙauyen Rodellar muka yi hawa kusan awa 3, muka ratsa kangon Otín da mutanensa suka watse, sannan muka isa bakin magangarar farko. Kowa ya sa rigar roba mai tsare sanyi da hular kwano. Jagoranmu ya zura igiya a zoben ƙarfe da aka kafa cikin dutse, ya ce: "'Yan'uwa, hannun da ke riƙe da igiya ta ƙasa kada ya sake ta, ko da ruwa ya rufe muku ido." Haka kuwa aka yi. Ruwan ya dinga dukan kafaɗunmu da sanyin ƙanƙara, dutse yana santsi, har ƙafa ta taɓa tafkin da ke ƙasa. Da an janye igiyar, babu komawa baya.

Sai dai ga inda gizo ke saƙar. Ruwan Mascún ya fi gudu daga ƙarshen sanyi zuwa farkon zafi, lokacin da masu igiya ke tururuwa, kuma lokacin ne tsuntsaye ke kan sheƙa. Babbar cikinsu ita ce ungulu mai gemu, wadda faɗin fikafikanta ya kusa mita 3. Ƙashi ne yawancin abincinta. Idan ya fi ƙarfin haɗiya, sai ta ɗauka sama ta sake shi a kan dutse ya fashe. Tana yin ƙwai ɗaya ko biyu tsakanin Disamba da Fabrairu, ta yi kwanci kusan kwana 55, kuma ɗa ɗaya tak ke rayuwa, ba ya tashi sai ya kusa wata 4. In hayaniya ta kori uwa, ƙwai ya huce ko hankaka ya fasa shi, aikin shekara guda ya lalace.

Don haka hukumar gandu ta ƙayyade yawan mutane a tawaga, ta kuma hana kafa sabuwar hanyar igiya ba da izini ba. Wasu na ganin an takura musu. A ganinmu hukumar ce da gaskiya. Inda jagora ya nuna farin kashi a jikin dutse, alamar mazaunin ungulaye, da usur da hannu muka yi magana. Sallarmu ma sai da muka yi nisa muka haɗa azahar da la'asar, muka yi ƙasaru.

Akwai kuma farar ungulu, wadda ke haihuwa a waɗannan duwatsu. Wajen Satumba takan ƙetare mashigin Jabal Tariƙ da Sahara, ta yi sanyi a Sahel ta yamma, musamman Muritaniya da Mali, ta komo cikin Maris.