Idon Daman Auta: Abin da Na Rubuta a Kwanakin Neman Sunan Ciwo

Litinin
Daren jiya ma ciwon ya tashe shi wajen ƙarfe biyu, kamar yadda yake yi tun shigowar zafin nan. Auta ƙanena ne, shekararsa 26, tela ne, bai taɓa kwanciya asibiti ba. Na same shi a tsakar gida yana kai da komo, ya dafe idon dama. Idon ya yi jawur, shi kaɗai ke zubar da hawaye, hancin wannan gefen ya toshe. Na ce ya kwanta, ya ce, "Yaya, ba zan iya ba, kamar ana cusa mini jan ƙarfe ta bayan ido." Bai cika awa guda ba ya lafa. Da safe ya buɗe shago, wanda ya gan shi ba zai ce shi ne na daren jiya ba. Shi ya sa mutanen gida ba su ɗauki abin da girma ba.

Talata
An ɗebi jininsa a wani ɗakin gwaji na unguwa, aka ce taifot ce da zazzaɓin cizon sauro, aka haɗo allurai. An taɓa yi masa haka a farkon ciwon, bai ga sauƙi ba. Yaro ba zazzaɓi, ba ciwon ciki, ina taifot ta fito? Gwajin Widal da ake dogara da shi tun 1896 ake amfani da shi, kuma yana iya nuna alama a jinin wanda ya taɓa yin cutar a baya ya warke. Raina yana ɓaci idan na tuna yawan matasan da ake ɗura wa maganin cutar da ba su da ita.

Alhamis
Kawu ya zo dubiya. Da ya ji cewa ciwon sa'a ɗaya yake zuwa kullum cikin dare, sai ya ce wa Umma wannan ba na asibiti ba ne, a nemi mai ruƙiyya, a kira wanzami ya yi ƙaho. Na ce, "Kawu, addu'a kam muna yi, ba za mu fasa ba, amma ku bari likita ma ya gan shi." Ya amince. Da dare na ga tiramadol a aljihun Auta, wani abokinsa ya ba shi. Na karɓe. Bai yi gardama ba, ya ce dama ba ta yi masa komai.

Asabar
Asibitin gwamnati. Likitar da muka samu matashiya ce, kuma ta saurare shi. Ta auna hawan jini da zafin jiki, ta lanƙwasa wuyansa saboda lokacin sanƙarau ne, ta haska cikin idonsa. Ta tambaya ko ciwon ya taɓa faɗo masa farat ɗaya da ƙarfin da bai taɓa ji ba, ko hannu ko ƙafa ya mutu, ko farfaɗiya, ko gani biyu-biyu, ko amai da sassafe. Duk babu. Ta ce da akwai ɗaya daga cikinsu, yau ɗin nan za a kwantar da shi. Ta gargaɗe shi kan farasitamol: mai shan irinsa kwana 15 ko fiye a wata, wata da watanni, maganin da kansa yana iya zame masa ciwon kai. Ta tura mu wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ta ce da ni, "Hajiya, ki riƙa rubuta lokacin da ya fara, lokacin da ya daina, da abin da kika gani."

Lahadi zuwa Talata
Na sayi littafin 'yan makaranta. Lahadi 1:50 zuwa 2:40 na dare. Litinin 2:05 zuwa 3:00, ya sake dawowa bayan la'asar. Talata fatar idon ta ɗan sauko, goshin dama na gumi. Ko sau ɗaya bai koma hagu ba.

Laraba
Asibitin koyarwa, layi tun bayan asuba. Likitan ya karɓi littafin ya karanta kafin ya taɓa Auta. Sannan ya yi tambaya guda: "Malam, idan ya taso, kwanciya kake so ko yawo?" Auta ya ce yawo, har kansa yake bugawa da bango.

Likitan ya zauna ya bambance mana. Ciwon ɓarin kai da aka fi sani yana ɗaukar awa 4 zuwa 72, yana zuwa da tashin zuciya da ƙin haske da ƙara, mai shi ɗaki mai duhu yake nema ya lafe, kuma ya fi kama mata. Akwai wani da ba ya sakin gefe ɗaya ko kaɗan, dare da rana, shi kuma indometasin ke kashe shi. Na Auta dabam ne, likitoci suna kiransa kulasta. Yana ɗaukar minti 15 zuwa awa 3, yana iya zuwa har sau 8 a yini, ya yi makonni ko watanni yana addabar mutum, sannan ya ɓace tsawon watanni. Ya fi kama maza, yawanci yakan fara tsakanin shekara 20 da 40, kuma kusan mutum 1 cikin 1,000 ke da shi. Batun sa'a ɗaya da ya tsorata Kawu, likitan ya ce ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke tsara lokacin barci da farkawa yana da hannu a ciwon, zafin kuma ta jijiyar da ke ɗauko ji daga fuska da ido yake bi.

Auta ya sunkuyar da kai yana share ido. A hanya ya ce, "Yaya, ashe ba ni kaɗai ba ne." Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne babu na'urar da ta gano wannan. Tambaya ce da sauraro, da ɗan littafin nan.

Juma'a
An rubuta hoton MRI don a tabbatar babu ƙari ko wani abu a cikin kai da ke kwaikwayon ciwon, da gwajin zuciya na ECG, saboda maganin kariyar, berafamil, yana iya rage bugun zuciya. Kuɗin hoton ya fi ƙarfinmu, 'yan'uwa suka haɗa. Kawu ne ya fara bayarwa.

Litinin
Hoto lafiya lau. An fara berafamil, da firedinisolon na ɗan lokaci kafin na farkon ya kama aiki. Likita ya ce ƙwayar haɗiya ba ta riskar irin wannan ciwo, kafin ta narke ya gama azabarsa. Abin da ke tsayar da shi iskar oksijin ce tsantsa, lita 12 zuwa 15 a minti ta abin rufe hanci da baki, ko allurar sumatiriftan. Allurar ba mu same ta ba a kantunan maganin da muka zaga. Muka yi hayar tukunyar oksijin, aka ja mana kunne kada wuta ko taba ta kusance ta. Da ya taso cikin dare, Auta ya zauna ya shaƙa, kafin minti 15 ya sauke hannu daga ido.

Alhamis
Ya kwana har kiran assalatu. Likita bai ɓoye mana ba: ciwon ba ya warkewa gaba ɗaya, yana iya dawowa baɗi war haka, amma yanzu akwai takarda mai ɗauke da sunansa da maganinsa, kuma za a ci gaba da duba zuciyar duk lokacin da aka ƙara magani. Kai da ke da ɗa ko ƙane mai fama da ciwon kai a gefe ɗaya, don Allah kada ka tsaya a gwajin taifot. Rubuta lokacin da yake zuwa, tsawon da yake yi, gefen da yake kamawa da abin da ido da hanci ke yi, ka kai wa likita, ka nemi a tura ku wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi.