Birkin rimok ba ado ba ne

Yau kan birkin rimok nike son mu tattauna, wadda wasu ke ce ma tirela. Ba manyan kamiyon da ke lodin albasa a Galmi ko siminti a Malbaza ba, waɗannan birkinsu na iska ne. Ina nufin ƙananan rimok da ake ɗaura ma Hilux ko Land Cruiser, masu ɗauke da tankin ruwa, janareta ko injin haƙar rijiya.

Aikina gyaran wutar mota ne, kuma abin da nike gani a garaji yana tada min hankali. Tanki mai lita 1000 tan guda ne na ruwa, ban da nauyin ƙarfe. Duk wanda ya san gangaren tsaunukan Adar a hanyar Madawa zuwa Buza har Keita ya san tan guda na turo ka daga baya ba wasa ba ne. Ga amalanken jakai, ga yara masu tallar ruwa, ga awaki ranar kasuwa. Amma sai ka ji direba ya ce: "Ai birkin motar ya isa." Bai isa ba, malam.

Rimok iri biyu ke zo mana. Ƴan Turai galibi birkin turi gare su: in mota ta rage gudu, rimok ta turo sandar ja, sandar ta ja birki, babu ruwansu da wuta. Ƴan Amurka kuwa da yawa birkin lantarki gare su. Cikin kowane tambur akwai maganaɗisu; in wuta ta shiga, sai ya manne ma tambur mai juyawa, ya ja hannun da ke buɗe takalman birki su kama. Wutar daga wani ɗan akwati take fitowa, wanda ake kafawa kusa da direba. In babu akwatin nan cikin motarka, to birkin lantarki ba ya aiki, ko da sabo ne ful.

Kwanan baya anka kawo min wata rimok mai injin haƙar rijiya, mai ita na cewa birki ya mutu. Da munka duba, lafiyarsa lau. Wanda ya haɗa wayoyin launi ya bi: shuɗi da shuɗi, fari da fari. Alhali a fulogin Amurka mai baki 7 shuɗiyar waya ta birki ce, a na Turai mai baki 7 kuwa shuɗiyar ta fitilar hazo ce ta baya. Farar kam sun yi tarayya a kanta, wato mas. Ka ga launi kaɗai ba ya isa shaida.

To in birkinka ya ƙi, ga yadda nike bi, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Na farko, fiyus da akwatin. Akwatin na da ɗan hannu da ake turawa don a ba rimok birki ba tare da taka feda ba. Sa yaron mota ya tura shi, kai ka ɗora ƙwan gwaji ko mita a bakin birki na fulogin motar. Wuta ta tashi ta kusan bolt 12. In babu, ciwon na mota ne, ka ƙyale rimok tukuna.

Na biyu, fulogin kansa. Ƙurar hunturu da ruwan kori a damina suna cika shi da ƙasa da tsatsa. Goge, ka matse bakunan.

Na uku, mas. Wallahi a nan na fi kama ɓarawon. Farar waya ta ɗauru da kyau jikin shasi, a wurin da anka kankare fenti. Kar ka dogara da ƙwallon ja a matsayin mas: hanya mai gargada na sa ya yi ta kamawa yana saki.

Na huɗu, bi wayar ƙarƙashin rimok har taya. Duwatsunmu na yanke ta, musamman inda take shiga bayan tambur.

Na biyar, maganaɗisu. Ɗaga tayar da jak, ka juya ta da hannu, a tura hannun akwatin. Lafiyayye zai yi ɗan gurnani, taya ta tsaya cak. Kowane guda na jan wajen amfa 3, a mita kuma yana nuna om 3 zuwa 4. In mita ta nuna ba hanya, ya ƙone. Kar kuma a ba shi wutar kamiyo mai bolt 24, na 12 ne.

In wuta na zuwa, gurnani na tashi, amma taya ba ta tsayawa, buɗe tambur. Ko takalman sun cinye, ko giris ya zubo musu, ko sun yi nisa suna son a matso da su.

Akwai kuma ƴar igiyar ƙarfe da ke gaban rimok. In rimok ta ɓalle, ita ke fizge wani tsinke, ƙaramin batirin rimok ya danne birki. Da yawa batirin ya mutu tuntuni, igiyar kuma an naɗe ta jikin rimok ɗin. Jikin mota ake ɗaura ta. In za ka gwada, cire fulogi tukuna, ka zare tsinken, ka maida shi nan take.

Ƴan uwana masu gyara, don Allah mu daina datse wayar da ba mu gane ba. Masu mota kuma, in an ce ka sayi akwati ko maganaɗisu, kar ka ga tsada. Ran ɗan wani ya fi shi tsada. In kayan ba su samu ba, rage lodi, ka sauka gangare da ƙaramar giya, sannu ba ta hana zuwa.

Allah shi kiyaye hanya, shi kai kowa gida lafiya.