Gammon da ke Cikin Baya

Mu uku ne 'ya'ya mata wurin tsohuwarmu, muka ga ya kamata mu ba ku labarin abin da ya same ta, ko Allah ya sa wata ta amfana.

Shekara talatin Mma tana sayar da koko da ƙosai a bakin titi nan Kumasi. Tun asuba tana sunkuye a kan tukunya, ga ɗaukar ruwa, ga daka da maraice. Ran nan ta sunkuya za ta ɗaga bokiti, sai ciwo ya tsarga mata daga ƙugu har yatsun ƙafar hagu. Ta kasa miƙewa.

Muka yi abin da muka gada. Muka kwantar da ita, muka hana ta ɗaukar ko da buta. Aka yi ƙaho, aka shafa man kaɗe. Mako uku tana kwance, ciwo sai gaba, ga tukunya a kife, ga kuɗin makarantar jikoki ya matso.

Da muka kai ta asibiti, likita ya duba, ya tura mu wurin ma'aikaciyar gashin ƙashi. Ita ta yi mana bayani. Ta ce ƙasusuwan baya na wajen ƙugu guda 5 ne, tsakanin kowane biyu akwai guringuntsi mai taushi a ciki, watau kamar gammo tsakanin kai da kaya. In ya tsage, abin cikinsa ya bulluƙo ya danne jijiyar da ta sauka ƙafa. Na ƙasan nan biyu su suka fi lalacewa, gama su ke ɗauke da nauyi. Yawancin masu wannan ciwo sukan sami sauƙi cikin mako 6 zuwa 12 ba tare da fiɗa ba. Doguwar kwanciya kuwa ita ke sa nama ya saki, gaɓoɓi su sage. Muka dubi juna, kunya ta kama mu. Ashe da hannunmu muka ƙara mata.

Maganin da aka ba ta motsa jiki ne. Ta riƙa ɗan zagaya tsakar gida sau da yawa a yini. Sa'an nan ta kwanta rub da ciki a tabarma, ta dogara kan gwiwar hannu, daga baya ta riƙa ɗaga ƙirji da tafin hannu sau 10, ƙugu na ƙasa. Wannan dabara wani mai gashin ƙashi na ƙasar Niyu Zilan, Robin McKenzie, ya gano ta a 1956. In ciwo ya baro ƙafa ya komo ƙugu, an kama hanya. In ya ƙara gangarawa ƙasa, a tsaya a koma asibiti, domin ba kowace baya wannan ke yi wa daidai ba.

Mma ta ƙi. Ta ce, "Ni da jikokina, in kwanta ina ɗaga kai kamar ƙadangare?" Sai muka rufe ƙofa, muka shimfiɗa tabarma huɗu, muka yi tare da ita. Ta yi ta dariya, amma fa ta yi. Salla kuwa a zaune ta riƙa yi, malam ya ce addini ya yarda.

Bayan wata biyu ta koma kan tukunyarta. Muka ɗora murhu bisa bulo don kada ta sunkuya. In za ta ɗauki abu, sai ta durƙusa da gwiwa, ta matso da shi jikinta.

Abu ɗaya muke roƙon ku riƙe. In mace ta ji tsakanin cinyoyinta ya mutu, ko fitsari ya ƙi fita, ko ta kasa riƙe shi ko bayan gida, ko ƙafa ta soma ja, lalle a kai ta asibiti a ranar, kada a jira gobe.

Iyayenmu mata da bayansu suka raine mu. Allah ya ba su lafiya, amin.