Motar Mai Naƙasa Amana Ce a Hannun Mai Jinya

Daga birnin Manchesta na ƙasar Ingila nake rubuto muku, inda ni da iyalina muka daɗe da zama. Abin da nake so mu tattauna ya shafi wata mota da ke ajiye a ƙofar gidaje masu yawa a ƙasar nan, wato motar da ake bai wa masu naƙasa haya a ƙarƙashin tsarin da ake kira Motability. Mu da muke jinyar namu a gida, kuma muke fita neman abin sawa a bakin salati, akwai tambaya guda da ke yawan tasowa a tsakaninmu: shin mai jinya yana da ikon ɗaukar wannan mota ya tafi aikinsa da ita? Tambayar gajera ce, amma amsarta tana iya raba iyali da motar da suka dogara a kanta.

Bari in fara da asalin tsarin, domin wanda bai san mafarin abu ba, da wuya ya gane ƙa'idarsa. A da, abin da gwamnatin Birtaniya take bai wa mai naƙasa shi ne wata ƴar mota shuɗiya mai ƙafa uku da kujera ɗaya tak. Wanda ya samu ita shi kaɗai yake tafiyarsa, ba mata ba ɗa, wanda kuwa ba ya iya tuƙi bai da rabo. A shekarar 1976 aka fara biyan masu naƙasa kuɗin tallafin zirga-zirga, a 1977 aka kafa Motability domin wannan kuɗi ya ishi mutum hayar mota irin ta kowa, sannan a 1978 aka miƙa motocin farko a birnin Landan. Zuwa shekarar 2024 masu cin moriyar tsarin sun haura mutum dubu 800.

Yadda abin yake tafiya shi ne, mai naƙasa da ake biya babban kaso na tallafin zirga-zirga yana sallama wannan kuɗi, wanda a shekarar 2025 ya kai fam 77.05 a kowane mako, a ba shi sabuwar mota haya ta shekara uku, ko shekara biyar idan irin wadda aka gyara domin shigar keken guragu ce. Inshora da gyara da taya da agajin lalacewa a hanya duk suna cikin hayar. An yarda a rubuta sunan direbobi har uku, kuma ba dole ba ne mai naƙasar ya kasance cikinsu. Ita kuwa motar, mallakar kamfanin da ke gudanar da tsarin ce tun daga ranar farko har ranar da za a mayar da ita.

Mu ma ta wannan hanya mota ta shigo gidanmu, bayan maigidana ya kamu da shanyewar ɓarin jiki, tuƙi ya gagare shi, aka rubuta sunana a matsayin direba. Da nauyin gida ya dawo wuyana, sai na kama aikin da ƴan'uwanmu baƙi da yawa suke yi a ƙasar nan, wato bin tsofaffi gida-gida ana yi musu wanka da abinci da ba da magani, a biya mutum bisa awoyin da ya yi. Aiki ne da ke cin tafiya ƙwarai, domin a yini ɗaya mutum yana iya shiga gida bakwai ko takwas a unguwanni dabam-dabam. Ga kuma sabuwar mota a ƙofar gida, makullinta a jakata.

Maigida da kansa ya fara tayar da maganar. Ya ce, «Hajiya, ki riƙa ɗaukar motar nan mana, ai da sunana aka bayar, kuma na yarda.» Na ce, «Malam, na gode, amma bari mu karanta takardun tukuna, domin ban tabbata yardarka kaɗai ta isa ba.» Da muka zauna muka bi takardar haya da ta inshora layi-layi, sai muka iske ƙofofi biyu ne a gaban kowace tafiya, kuma dole a wuce dukkansu.

Ƙofar farko ita ce ta amfani. Sharaɗin tsarin shi ne a yi amfani da motar domin mai naƙasar, ko dai shi da kansa ko kuma wani saboda shi. Ba a ce sai yana cikin motar a kowace tafiya ba. Idan na je kasuwa sayen cefanen gida, ko na je karɓo masa magani, wannan duk amfaninsa ne. Hukuma ma tana da irin wannan sharaɗi, domin an yafe wa motar harajin hanya ne bisa cewa buƙatun mai naƙasar za ta yi wa hidima.

Ƙofa ta biyu ita ce ta inshora, kuma ita ce mutane suka fi mantawa da ita. Kamfanonin inshorar mota a Birtaniya sun kasa tafiye-tafiye aji-aji. Akwai tafiyar harkokin gida da ziyara da shaƙatawa. Akwai zuwa wurin aiki guda ɗaya tabbatacce da dawowa. Akwai kuma tafiyar sana'a, wadda a cikinta tuƙin kansa yake zama wani ɓangare na aikin, kamar mai bin gidajen mutane yana yi musu hidima a biya shi. Inshorar da ke zuwa tare da motar Motability ba ta ɗaukar tafiyar sana'a haka kawai. Sai an nema tun kafin a fara, kamfanin inshorar ya duba, ya amince ko ya ƙi. Mayar da motar tasi ko motar kai saƙon abinci kuwa, ana lissafa shi cikin cin zarafin tsarin.

A nan ne kalmar jinya take rikita mutane, domin aiki iri uku ne ke amsa suna ɗaya. Matar da ke kai mijinta asibiti jinya take yi, kuma domin haka aka ba da motar. Ma'aikaciyar da ake biya ta kula da shi mai motar, idan an rubuta sunanta cikin direbobi, ita ma hidimarsa take yi, har ma akwai inshora ta musamman da ake iya nema ga wanda masu kula da shi suke da yawa suna canjawa. Amma ni da zan ɗauki motar mijina in tafi kula da wasu tsofaffi da ba su da alaƙa da shi, a biya ni albashi, sana'a nake yi, ko da sunan aikin jinya ne.

Wata ƙanwata a zumunci, wadda ɗanta ke da irin wannan mota, ta kawo mini hujjar da na san da yawa daga cikinku za su kawo. Ta ce, «Yaya, albashin da nake samowa ai shi ke ciyar da yaron nan, shi ke biyan kuɗin wuta da na ɗumama ɗaki. In wannan ba amfaninsa ba ne, to mene ne amfaninsa?» Ban raina maganarta ba, domin na san halin da muke ciki. Tallafin da gwamnati ke bai wa mai jinya a shekarar 2025 fam 83.30 ne a mako, ga wanda yake yin aƙalla awa 35 yana kula da mara lafiya, kuma idan abin da yake samu a wani aiki ya wuce fam 196 a mako, tallafin ya faɗi. Wanda ke cikin wannan matsi, sayen mota ta biyu da biyan inshorarta ba ƙaramin abu ba ne a gare shi.

Sai dai na ce mata, ko da hujjarta ta buɗe ƙofar farko, ba ta taɓa ta biyu ba. Kamfanin inshora ba ya tambayar inda albashi yake zuwa. Abin da yake lissafawa shi ne haɗari, kuma motar da ke yawo unguwa-unguwa tun asuba har dare, direbanta yana sauri kada ya makara, haɗarinta ya fi na motar da ke zuwa kasuwa da asibiti. Ita ma ƙofar farkon ba ta buɗe sosai ba. Motar da ta fita da bakwai na safe ta dawo da tara na dare, mai ita yana zaune a ɗaki duk yini, alhali kuɗin da aka ware domin ya riƙa fita ne ke biyan hayarta.

To, idan tsautsayi ya faɗa ana cikin tafiyar da inshora ba ta ɗauka ba, me zai biyo baya? A dokar Birtaniya, wanda ya tuƙa mota a tafiyar da inshorarsa ba ta rufe ba, ana iya ɗaukarsa tamkar mara inshora. Mafi sauƙin hukuncin shi ne tarar fam 300 da maki shida a lasin tuƙi, kuma ƴan sanda suna da ikon kama motar. Wanda aka buge zai samu diyyarsa, amma ana iya biyo direban daga baya a nemi ya biya daga aljihunsa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na ƙarshe: ana iya soke hayar, a karɓe motar, a hana mai naƙasar sake shiga tsarin. Wato wanda bai tuƙa ba, bai karɓi albashin ba, shi ne zai rasa hanyar zuwa asibiti da masallaci da gidan ƴan'uwa. Kada kuma a ce ba mai gani, domin ana iya sa wa motar na'urar bin sawu, musamman idan babu ko ɗaya cikin direbobin da ke zaune gida ɗaya da mai naƙasar, kuma bayan haɗari tambayar farko ita ce daga ina, zuwa ina, domin me.

Abin da muka yanke a gidanmu shi ne, na nemi a haɗa mini gidajen da zan bi a unguwanni makusanta, ina zuwa da bas da ƙafa, har Allah ya hore na sayi wata tsohuwar ƙaramar mota na yi mata inshorar sana'a da sunana. Ba zan ɓoye muku ba, tsayuwar jiran bas cikin sanyin watan Janairu, ga mota a ƙofar gida, abu ne mai wuya. Amma motar Malam tana nan domin Malam, kuma ɗanmu babba, wanda shi ma aka rubuta sunansa, yana fita da shi idan ba na gida.

Ku da ke gida, kada ku ce wannan labarin Turai ne kawai. A Nijar da Kamaru da Chadi, waɗanda dokar inshorarsu guda ce tun yarjejeniyar CIMA da aka sa wa hannu a Yawunde a 1992, takardar inshorar mota tana faɗin irin aikin da aka yi mata ita dominsa. Wanda ya yi inshorar motar gida sannan ya riƙa ɗaukar fasinja da ita, ranar haɗari zai gane cewa takardar da ke hannunsa ba ta tsaya masa yadda yake zato ba.

Shawarata ga ƴar'uwa ko ɗan'uwa da ke riƙe da makullin irin wannan mota ita ce, a kira kamfanin inshora tun kafin a karɓi aikin, a faɗi gaskiyar yadda aikin yake, gida nawa ne, awa nawa ne, wa zai biya. Idan an amince, a nemi amsar a rubuce, a ajiye ta tare da takardun mota, a kuma sake tambaya duk lokacin da aiki ya canja ko aka sabunta haya, domin sharuɗɗan suna sauyawa. Idan an ƙi, a haƙura a nemi wata hanya. Matambayi ba ya ɓata, kuma mara lafiyar da ya miƙa mana makulli ya miƙa ne domin ya amince da mu.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara wa masu jinya haƙuri, ya buɗa musu hanyar abinci mai tsabta. Wassalam.