Akwatin Baba

Kusan shekara ashirin ke nan ina zama a majalisa ɗaya, gindin wani darbejiya kusa da teburin mai shayi, kuma in dai gardamar waƙa ta tashi, kowa ya san ba a rufe ta sai na yi magana. Ni na Shata ne. Akwai wani tela a cikinmu, shi kuma Ɗanƙwairo ne gwaninsa, in ka taɓa shi kamar ka taɓa mahaifinsa. Sai wani tsohon direban tirela da ke cewa dukanmu ɓata bakinmu muke yi. A wurinsa mutum ɗaya ya riƙe kuntigi, ba makaɗa ba 'yan amshi, ya sa taro ya yi tsit, wannan shi ne gwani. Ɗanmaraya Jos yake nufi.

Hujjojin ba sa canjawa, mu ma ba ma gajiya. Tela ya ce a saurari 'yan amshin Ɗanƙwairo, ba maimaita baiti kawai suke yi ba, karɓa suke yi suna ƙarawa, kotso yana bin su kamar an auna da ma'auni. Ni kuma in ce Shata ba ya zama a ɗaki ya tsara waƙa, a tsakiyar fili take zuwa masa, kalangu na tashi ya ɗora. In kawo waƙar da ya yi wa kumbon Apollo 11, in kawo digirin girmamawa da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi a 1988. In an matsa mini sai in jawo Bakandamiya, tela ya ce ai Narambaɗa ma yana da tasa, kuma tasa ta fi. Haka za mu yi ta yi har mai shayi ya kashe risho. Shata ya rasu a 1999, Ɗanƙwairo ya riga shi tun 1991, Ɗanmaraya ya bi su a 2015, amma a gindin darbejiyar nan kullum kamar gobe za su hau fage.

Wani dare gardamar ta sauya hanya. Wani malamin makaranta da ke zama da mu ya kawo labarin cewa a Amurka faifan garmaho ya farfaɗo, har a 2022 adadin da aka sayar ya zarce na CD, abin da rabon da a gani tun 1987. Tela ya ce wannan sai can, a nan wa zai ba da kuɗi ya sayi abin da za a tura masa ta Xender yana tsaye? Ni kuwa na gyara zama na hau wa'azi. Na ce masoyin waƙa na gaskiya dole wata rana ya koma saye, domin abin da ka riƙe a hannu shi ne naka. Na caccaki yaran yanzu da ke jin waƙa rabi su tsallake. Na ce a da kaset guda ake saye a zauna da shi wata guda, a ji gefe ɗaya a juya ɗayan.

Yaron tela, mai yi masa aikin kaftu da guga, yana gefe yana sauraro. Shi mutumin Nura M. Inuwa ne da Hamisu Breaker, kuma ba ya sa baki in manya na magana. Ran nan ya ce, cikin ladabi, kansa a ƙasa, "Baba, don Allah in tambaya. Cikin kasakasan Shata da ka ji, guda nawa ka saya da kuɗinka?"

Aka yi dariya, ni ma na yi, na ce yaro bai san wuta ba sai ya taka. Amma ban ba shi amsa ba, don amsar ita ce ko ɗaya.

Abin da nake saye shi ne kaset wanda ba komai a kai, mai minti 60 ko mai 90. In ari na wani, in kai wa mai rikoda mai baki biyu ya kwafa mini, in rubuta sunan waƙoƙin da biro a jikin takardar. Na ƙware a gyara kuwa. In rikoda ta cinye zare na san yadda zan zaro shi a hankali, in zura biro a ramin in naɗe. In ya tsinke in haɗa da jan farcen ƙanwata. Na san a ɓalle 'yan ƙofofin nan biyu na saman kaset don kada wani ya yi kuskuren ɗaukar magana a kai. Duk wannan ƙauna ce, ban musa ba. Sai dai ƙaunar ba ta taɓa fita daga aljihuna ta nufi wajen mai waƙar ba. Ko a wajen biki in mawaƙi na wasa, ni mai tsayawa baya ne, in ji daɗi in tafi, masu liƙi su yi liƙinsu. Da CD ya zo na sayi na kan baro, da waya ta zo na koma wajen masu turawa. Ashe kasuwar da nake kuka ta mutu, ban taɓa shiga cikinta ba ballantana in ce na yi rashi.

Wannan kaɗai da sauƙi. Akwai abin da ban taɓa faɗa a majalisa ba.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, shi mai saye ne. Ma'aikacin reluwe ne, albashinsa bai taka kara ya karya ba, amma in ya shiga birni sai ya dawo da faifai ko kaset a cikin jakarsa. Da ya rasu aka bar mini akwatinsa na ƙarfe, kore, mai kwaɗo. A ciki akwai faya-fayan garmaho masu nauyi, kowanne cikin rigarsa ta takarda da ta yi ja don tsufa, da kasakasai jere kamar haƙora, kowanne da rubutunsa na ajami a gefe. In ka buɗe, ƙanshin kafur da tsohuwar takarda ne ke fara tarbarka.

Da za mu tashi daga gidan haya zuwa wanda na gina, sai akwatin ya zame mini kaya. Garmahon ya daɗe da lalacewa, ba allura, rikodar ma ta daina ja. Na kwashi kasakasan a buhu na kai wa wani yaro mai shagon tura waƙoƙi, na ce ya juye mini su duka a memori. Bayan kwana uku ya miƙo mini ɗan abu kamar farce, ya ce an gama. Na sa a waya, Shata ya tashi, sauti tas, har ya fi na kaset ɗin. Na yi murna na ƙara masa kuɗi. Ya ce buhun fa? Na ce ya yi yadda ya ga dama da shi. Faya-fayan na bar wa yara suna wasan mota da su a tsakar gida, akwatin kuma 'yan gwangwan suka auna suka ba ni abin da bai kai kuɗin cefanen yini ba.

Da na yi tunani kaɗan da na gane. Juye kaset zuwa kwamfuta ba kamar tura fayil ba ne, sai an kunna shi ya yi ta juyawa daga farko har ƙarshe, mai minti 90 ya ci minti 90. Kaset fiye da ɗari ba ya juyuwa a kwana uku a shagon da wuta ke zuwa tana ɗaukewa. Abin da yaron ya yi, ya duba sunayen mawaƙan da ya iya ganewa, ya kwaso waƙoƙinsu daga waɗanda ke cikin kwamfutarsa, ya zuba mini. Shi ya sa sautin ya yi kyau haka. Ban ga laifinsa sosai ba. Ni da na ɗauki kaina masani, shekara nawa ina kunna memorin nan, Shata kawai nake nema, ban taɓa bin jerin na ga me ke ciki me babu ba.

A cikin buhun akwai kaset ɗaya da ba na kasuwa ba. Wani mai kukuma ne na garinmu, wanda bai taɓa shiga situdiyo ba, gidan rediyo ma ba su san da shi ba. Ya yi wasa ranar sunan ƙanwata, Baba ya ajiye rikoda a kan tabarma ya ɗauka. Ina tuna abin da ke ciki: guɗar mata, kukan akuya daga bayan gida, mai kukuman yana kiran sunan Hajiya mahaifiyarmu yana jero iyayenta da kakanninta, sai muryar Baba kusa da rikodar yana cewa a matsa wa yara su zauna. Na nemi mutumin a YouTube, na nema a Audiomack, na tambayi masu tsofaffin kasakasai a Ƙofar Wambai. Waƙoƙin Shata ko na watsar da su sau goma zan same su. Wannan kuwa kwafi ɗaya ne a duniya, kuma ni na ce a yi yadda aka ga dama da shi. Shagon ma yanzu ana sayar da lemo ne a wurin.

Har yanzu ina zuwa majalisa, har yanzu in an taɓa Shata ina tankawa, amma in zancen saye ya taso sai in sa baki a kofin shayi. Kwanaki yaron tela ya nuna mini yadda ake biyan kuɗin wata a manhajar sauraron waƙa, na biya, karo na farko a rayuwata, ina jin kunya kamar mai biyan bashin mamaci.

Abin da ya tono maganar duka shi ne Hajiya. Idanunta sun yi rauni, yanzu sauraro ne abin hirarta. Bayan sallar azumi ta kira ni ɗakinta ta ce, "Kaset ɗin nan na sunan ƙanwarka, ka kawo mini in ji muryar Malam." Na ce to, Hajiya, yana wajen gyara. Wata na bakwai ke nan, jiya ma ta sake tambaya ko mai gyaran ya gama.