Daga Le Bourget zuwa Chasselay: shirin ziyarar filayen yaƙin Faransa

Ɗan kasuwar Maraɗi in ya hau jirgi, galibi Dubai ya nufa, ko Istambul, ko ƙasar Sin, ya saro kaya ya komo. Ma'aikacin gwamnati kuwa sai an aike shi taro ko ƙaro ilimi, ya kwana biyar tsakanin otal da zauren taro, ya sayo tsaraba a filin jirgi. Ban da aikin hajji, da wuya ka ji mutuminmu ya ɗaura jaka don ya je ya ga wani wuri kawai. Amma akwai wata tafiya da ta cancanci a tara mata kuɗi, wato zagayen gidajen tarihin jiragen yaƙi da filayen daga na ƙasar Faransa, inda aka binne dubban ƴan Afirka ta Yamma, yawancinsu kuma babu wani na gida da ya taɓa tsayawa kan kabarinsu.

Mai karatu zai ce ai mun ɓata da Faransa. Gaskiya ne. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, sojojinta sun bar Nijar a Disambar wannan shekarar, aka kuma rufe ofishin jakadancinta na Yamai a Janairun 2024. To, wannan sha'anin gwamnatoci ne. Matattun nan da ke kwance can namu ne, kuma wanda ke da ƙorafi kan mulkin mallaka shi ya fi kowa bukatar ya ga shaida da idonsa, tunda gani ya kori ji.

Biza ce aikin farko, ita ce kuma mai wuya, musamman tun da aka rufe ofishin nan. Dokar ƙasashen Schengen ta yarda a shigar da takardu tun wata 6 kafin ranar tashi, kuma ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta ita ake tambaya. Tun Yunin 2024 kuɗin bizar yuro 90 ne, wato jaka 59 da ƴan kai, da yake yuro ɗaya sefa 655,957 ne. Ana son fasfo da zai ƙara wata 3 bayan ranar komowa, da takardar asiransi ta lafiya mai ɗaukar nauyin yuro dubu 30, da shaidar masauki, da shaidar abin hannu. Ɗan kasuwa ya tanadi rajistar kasuwancinsa da takardun banki, ma'aikaci ya tanadi takardar hutu da ta albashi. Kada wanda ya biya tikitin da ba a maido kuɗinsa kafin biza ta fito. Air France ta dakatar da zuwa Yamai a Agustan 2023, sai matafiya suka koma bi ta Kazablanka ko Istambul, saboda haka a lissafa wuni guda na tafiya, wuni guda na komowa. Kwana 10 a ƙasa sun isa zagayen da za a bayyana nan.

A fara da Le Bourget, arewa maso gabashin Paris, inda jirgin ƙasa na RER B da bas mai lamba 152 ke kai mutum. Gidan tarihin jiragen sama da ke nan an kafa shi tun 1919, yana cikin mafi tsufa a duniya, kuma babban zaurensa shi ne tsohon ginin saukar matafiya na 1937. A wannan fili Ba'amurken nan Charles Lindbergh ya sauka ran 21 ga Mayu 1927, bayan awa 33 da rabi shi kaɗai daga New York. A ɓangaren yaƙin 1914 zuwa 1918 za a ga jiragen katako da ƙyalle da waya, har da SPAD na Georges Guynemer, abin da in mutum ya tsaya gabansa sai ya yi mamakin yadda mai hankali zai shiga ciki ya tashi sama. A zauren yaƙin duniya na biyu akwai Spitfire na Ingila, da Mustang da Thunderbolt na Amurka, da Focke-Wulf 190 na Jamus, da Yak-3 na Rasha, ɗaya daga cikin waɗanda Stalin ya ba matuƙan Faransa na rundunar Normandie-Niemen, suka sauka da su nan a Yunin 1945. Ba a buɗe gidan ran Litinin, kuma kowace shekara mai mara ana yin babban baje kolin jirage a watan Yuni, lokacin da masauki ke tsada a duk yankin.

Jiragen nan suna da dangantaka da ƙasarmu fiye da yadda ake zato. Daga 1940, da tekun Bahar Rum ya zama da haɗari, Ingilishi suka riƙa kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna zuwa Takoradi ta ƙasar Gana, a harhaɗa su can, su tashi ta Ikko, Kano, Maiduguri, Fort-Lamy da Hartum har Alƙahira. Dubban jirage sun bi wannan hanya. Abin da ya sa ta yiwu shi ne gwamna Félix Éboué ya miƙa Cadi ga De Gaulle a Agustan 1940, alhali Nijar na hannun gwamnatin Vichy har ƙarshen 1942. Ke nan a shekarun nan, tsakanin Maraɗi da Katsina, ko Damagaram da Kano, iyakar ɓangarori biyu ce masu gaba da juna. Haka kuma, a cikin Concorde biyu da ke Le Bourget, na farkon, mai lamba 001, shi ne ya bi inuwar husufin rana na 30 ga Yuni 1973 a bisa Muritaniya da Mali da Nijar, masana suka samu minti 74 cikin duhun husufin, sannan ya sauka Fort-Lamy.

Kafin a bar Paris, a leƙa gidan tarihin ƴantar da birnin, a dandalin Denfert-Rochereau, inda aka baje labarin janar Leclerc, wanda ya taso daga Cadi da sojoji mafi yawansu baƙaƙe, ya ci Kufra a Maris 1941. In Juma'a ta riski matafiyi, ya yi salla a babban masallacin Paris, wanda aka buɗe a 1926 don tunawa da Musulmin da suka mutu a yaƙin farko.

Daga tashar Saint-Lazare, awa 2 ne zuwa Caen ta Normandi, Bayeux kuma na gaba kaɗan, nan ne ya fi dacewa a kwana. Ran 6 ga Yuni 1944 soja wajen dubu 156 na Amurka da Ingila da Kanada suka sauka wannan gaɓa, a wurare 5 da aka laƙaba wa Utah, Omaha, Gold, Juno da Sword. Faransawan da suka taka gaɓar da ƙafa a ranar, ƙarƙashin kumandan Kieffer, su 177 ne. Mai sha'awar jirage ya nufi Sainte-Mère-Église, inda aka ajiye C-47 mai zubo ƴan lema, da jirgin Waco marar inji, wanda ake ja da igiya a sake shi cikin dare da mutane a ciki. A Arromanches har yanzu ana hango gaɓoɓin tashar jirgin ruwa da aka ƙera a Ingila aka jawo ta kan teku. A Colleville kaburburan Amurkawa sun haura 9.300, a La Cambe na Jamusawa sun haura dubu 21. Wuraren nan suna nesa da juna, bas kuma ba ta da yawa, sai a yi hayar mota ko a shiga ta masu zagayawa da baƙi. Kwana 2 sun isa.

A nan ne shawara take. Finafinan Amurka sun sa duk wanda ya ji yaƙin duniya sai Normandi ta faɗo masa, har baƙo ya ƙarar da kwanakinsa da guzurinsa can. Amma tarihin sojojin Afirka ta Yamma, waɗanda ake kira tirayar na Senegal ko da daga Dosso ko Tawa aka ɗauko su, yana gabas da kudancin ƙasar. In kuɗi ko kwanaki sun gaza, Normandi za a rage.

Gabas, wato Verdun: kamar awa 1 cikin jirgin TGV daga Gare de l'Est zuwa tashar Meuse, sai bas. An gwabza nan daga 21 ga Fabrairu zuwa 18 ga Disamba 1916. A Douaumont akwai ginin da ya tattara ƙasusuwan mutum dubu 130 da ba a san sunansu ba, Faransawa da Jamusawa a cakuɗe, gabansa kuma maƙabarta mai kabari wajen dubu 16, daga ciki 592 na Musulmi ne masu duban alƙibla. Ran 24 ga Oktoba 1916, da aka ƙwato ganuwar Douaumont, akwai bataliyar tirayar da ƴan Somaliya cikin waɗanda suka shiga. Ƙasar wurin har yau tudu da kwari ce saboda ramukan harsashin igwa, itatuwa ne kawai suka rufe ta.

Kudu kuwa, awa 2 daga Paris zuwa Liyon, sai ƙauyen Chasselay da ke arewacinta, tafiyar da ba ta kai awa ba a mota. Ran 19 da 20 ga Yuni 1940, alhali marshal Pétain ya riga ya nemi a tsayar da yaƙi, aka umarci runduna ta 25 ta tirayar ta tare Jamusawa. Da harsashi ya ƙare musu suka miƙa wuya, sai Jamusawa suka ware fararen gefe guda, suka kora baƙaƙen cikin gona suka buɗe musu wuta, tankoki suka bi ta kan waɗanda suka faɗi. Wani Bafaranshe, Jean Marchiani, shi ya tsaya aka tattara gawawwakin, aka gina musu maƙabarta mai jan katanga irin ginin ƙasar Mali, wadda ake kira Tata, aka buɗe ta ran 8 ga Nuwamba 1942. Tirayar 188 ke kwance ciki, da yawansu ba suna a kan dutsen. Wurin ƙarami ne, rabin awa ya isa a zagaye shi, amma shi ne zuciyar wannan tafiya.

Daga Liyon a gangara bakin teku. Ran 15 ga Agusta 1944 aka yi sauka ta biyu a Provence, kuma rundunar janar de Lattre de Tassigny, wadda yawancin sojojinta daga Afirka suka fito, ita ta ƙwato Tulon da Marsai kafin ƙarshen watan. Gidan tunawa yana bisa dutsen Faron da ke kan Tulon, maƙabartar Boulouris mai kabari 464 tana kusa da Saint-Raphaël, De Gaulle ya buɗe su duka biyu ran 15 ga Agusta 1964. Fréjus na nan maƙwabtaka, garin da ake kai tirayar su yi hunturu. Akwai gidan tarihin rundunonin da suka yi aiki a ƙasashen mallaka, da Missiri, ginin ja da aka yi tsakanin 1928 da 1930 bisa siffar masallacin Jenne. A makarantar hafsoshi ta wannan gari marigayi Seyni Kountché ya yi karatu a ƙarshen shekarun 1950.

Sai dai akwai abin da allunan bango ba su cika tsawaita bayani a kai ba, wanda ya kamata baƙo ya tafi da shi a ka. A kakar 1944, da nasara ta kusa, aka janye baƙaƙen soja daga fagen daga, aka ba matasan Faransa kayansu da makamansu. Ran 1 ga Disamba 1944, a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, sojan Faransa suka harbe tirayar da suka komo daga kurkukun Jamus suna neman haƙƙinsu. Rahotannin soja na lokacin sun ce 35 ko 70, masana tarihi da dama na cewa ɗaruruwa, kuma sai a Nuwamban 2024 shugaba Macron ya kira abin da sunansa, kisan kiyashi. Dokar 1959 ta daskarar da fanshon tsofaffin sojan Afirka, ba a gama daidaita shi da na Faransawa ba sai 2011, lokacin da yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Saboda haka shirin na farawa ne daga gida. Wanda kakansa ya yi soja, ya nemo littafinsa na soja in yana nan cikin adaka, ya rubuta lambarsa, da shekarar ɗaukarsa, da garin da aka ɗauke shi. Ma'aikatar sojan Faransa tana da kundi a intanet mai suna Mémoire des hommes, inda ake neman sunayen waɗanda suka mutu da wurin da aka binne su, takardun aikin tsofaffin soja kuma suna cibiyar ajiya ta garin Pau. A gwada rubutun suna iri-iri, domin magatakardan lokacin abin da kunnensu ya ji suke rubutawa, sau da yawa ma sunan gari ko na uba ne ya zama sunan mutum.

Game da lokaci, Mayu ko Satumba sun fi, tunda a makon 6 ga Yuni Normandi cike take, Agusta kuma watan hutun Turawa ne, komi ya yi tsada. A riƙe rigar sanyi da ta ruwa ko da rani ne, a sayi tikitin TGV da wuri domin kuɗinsa na hawa yayin da rana ke matsowa. A manyan birane naman halal ba ya wuya, a ƙauyuka kuwa sai kifi da ƙwai da burodi. Mutum uku ko huɗu in sun haɗa kai, kuɗin mota da na ɗaki ya ragu ƙwarai. Wanda Allah ya nufa ya isa Chasselay ko Douaumont, ya yi wa mamatan addu'a, ya ɗauko hoton sunayen da ya ga sun yi kama da na gida, ya kawo wa malaman tarihi na lakwal da ƙungiyar tsofaffin soja ta garinsa, wataƙila wani gida ya san inda nasa ya kwanta bayan shekara 80 da ɗoriya. Allah ya jiƙan su, ya kai matafiya lafiya, ya maido su lafiya.